The Cure: Sun Daɗe Suna Waƙar Mutuwa, Sai Yanzu Ta Shigo Musu Gida

Ranar Juma'a, 1 ga Nuwamban 2024, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, The Cure, ta fitar da kundi mai suna Songs of a Lost World, wato waƙoƙin duniyar da ta ɓace. Rabonta da sabon kundi tun Oktoban 2008. Jaririn da aka raɗa wa suna a wancan watan ya kusa gama sakandare kafin wannan ya fito.

Wanda ya kunna waƙar farko, Alone, yana ɗokin jin muryar mawaƙin ƙungiyar, Robert Smith, sai da ya ƙara wani haƙurin a kan na shekara 16, domin kiɗa ne zalla har fiye da minti uku kafin mutumin ya buɗe baki. Waƙar ƙarshe, Endsong, ta haura minti goma, kuma sama da shida daga ciki babu murya. Waƙoƙi takwas ne kacal, minti 49. A zamanin TikTok, da ake ce wa mawaƙi in bai kama kunnen mai sauraro a daƙiƙun farko ba to ya yi asararsa, wannan ganganci ne. Amma kundin ya hau matsayi na ɗaya a jerin waɗanda aka fi saya a Birtaniya, abin da ƙungiyar ba ta samu ba tun 1992, ya kuma kai na huɗu a Amurka. Smith yana da shekara 65 a lokacin. Tun hayaniyar ba ta lafa ba ya ce akwai wani kundin da ya kusa kammaluwa, akwai kuma na uku a bayansa.

Masoyansa sun yi murna, amma da taka-tsantsan. Sun san halin mutuminsu.

Yaran Crawley

Crawley gari ne a kudu da Landan, gab da filin jirgin sama na Gatwick, ɗaya daga cikin sababbin garuruwan da gwamnatin Birtaniya ta tsara bayan Yaƙin Duniya na Biyu don rage cunkoson babban birni. Gari ne mai tsabta da tsari, irin wanda matashi ke kwana yana tashi da tunanin yadda zai bar shi. A can Smith ya girma, ko da yake a Blackpool aka haife shi, ranar 21 ga Afrilun 1959. A makarantar Katolika ya haɗu da Lol Tolhurst da Michael Dempsey. Suka fara kiɗa a 1976 da sunan Malice, suka koma Easy Cure, a 1978 suka yanke rabin sunan. Wani kamfanin Jamus, Hansa, ya ɗauke su bayan wata gasa, amma ba a je ko'ina ba aka rabu. Chris Parry ne ya ji kaset ɗinsu ya sa su a sabon kamfaninsa, Fiction.

Waƙarsu ta farko da ta shiga kasuwa, a Disamban 1978, ita ce ta fi kowace jawo musu magana, kuma mai karatu a wannan yanki namu yana da haƙƙin jin labarinta ba tare da an ɓoye masa komai ba. Sunanta Killing an Arab, kisan Balarabe. Smith ya ɗauko ta ne daga littafin Albert Camus, L'Étranger, na 1942, wanda duk wanda ya yi karatun adabin Faransanci ya sani: Meursault, Bafaranshe mazaunin Aljeriya, ya harbe wani Balarabe a bakin teku ba tare da wani dalili mai kama hankali ba. Matashin mawaƙin yana ganin falsafa yake rerawa. Sai dai waƙa idan ta bar bakin mai ita, ba shi ke zaɓar mata masu sauraro ba. Lokacin da aka sake fitar da ita a 1986 cikin kundin Standing on a Beach, wasu masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyon Amurka suka riƙa sa ta don tsokanar Larabawa. Ƙungiyar kare haƙƙin Larabawan Amurka ta kai kuka. Aka daidaita a kan a manna takarda a jikin kundin mai bayanin cewa waƙar tana ƙyamar wariyar launin fata, Smith kuma ya nemi gidajen rediyo su daina sa ta. Daga 2005 ya riƙa sauya kalmomin idan zai rera ta a dandali. A ganina, ba mugun nufi ba ne, rashin hangen nesa ne na ɗan shekara 19 wanda bai taɓa tunanin akwai Balarabe mai kunne ba. Shi kansa Camus bai ba mamacin suna ba. Sai a 2013 marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya rubuta nasa littafin ta bakin ɗan'uwan wanda aka kashe, ya kira shi Musa.

Yadda duhu ya shigo kiɗan

Kundinsu na farko, Three Imaginary Boys na 1979, kiɗa ne mai sauri da tsalle, ba ruwansa da baƙin ciki mai zurfi. Abin da ya juya Smith ya faru ne a watan Satumba na wannan shekarar. The Cure suna rakiyar Siouxsie and the Banshees a rangadi, sai mai jita da mai gangar Banshees suka yi fushi a Aberdeen suka kama gabansu. Smith ya karɓi jitar. Kullum dare sai ya yi wasa da ƙungiyarsa, ya sauka, ya sake hawa da ta Siouxsie. Ya sha faɗin cewa a nan ya gane irin nauyin da kiɗa ke iya ɗauka.

Lokacin ma na duhu ne a Birtaniya. An fito daga hunturun yajin aiki na 1978 zuwa 1979, Margaret Thatcher ta hau mulki, zuwa farkon 1982 marasa aikin yi sun kai miliyan uku. Kiɗan punk, mai ihu da zagin hukuma, ya ƙone kansa cikin shekara biyu. Waɗanda suka biyo baya sai suka daina yi wa duniya ihu, suka juya suna leƙen cikin ransu. A Manchester akwai Joy Division, wadda mawaƙinta Ian Curtis ya kashe kansa a Mayun 1980. A Northampton akwai Bauhaus, masu Bela Lugosi's Dead ta 1979. A Leeds akwai The Sisters of Mercy. 'Yan jarida suka haɗa su a kwando ɗaya suka kira abin gothic rock, masu binsa kuma goth: baƙaƙen kaya, farar hoda, kwalli rangaɗa-rangaɗa, da son labarin kabari, kaɗaici da soyayyar da ta lalace. A 1982 aka buɗe musu gidan rawa na Batcave a unguwar Soho ta Landan.

Mai son ya ji yadda ake gina wannan sauti ya saurari A Forest, daga kundin Seventeen Seconds na 1980. A yawancin kiɗan rock, jita ce ke gaba, bes, wato jita mai kaurin murya, tana bin baya. A nan an juya tsarin. Bes ɗin Simon Gallup, wanda ya shigo ƙarshen 1979, ita ke jan waƙar, tana maimaita 'yan sautuka kaɗan ba ta gajiya. Gangar Tolhurst busasshiya ce, bugu ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ba ado ba gwaninta. Jitar Smith kuwa an bi da ita ta wata na'ura mai sa sauti ya riƙa kumbura yana sacewa, ga amsa-kuwwa da ke sa muryarsa ta yi nisa. Babu wanda ke nuna bajinta, kuma gurbin da aka bari fayau tsakanin kayan kiɗan shi ne abin tsoron. Idan sun zo ƙarshenta a dandali, kowa sai ya yi shiru a bar Gallup shi kaɗai, ya sunkuya da bes ɗinsa a rataye har kusa da gwiwa, yana buga sauti bibbiyu, dubban mutane suna amsa masa da tafi bibbiyu, har ya ga dama ya tsaya.

Faith ya biyo a 1981, sannan Pornography a 1982. Sunan na iya ruɗar mutum, amma ba batsa a ciki, yanke ƙauna ce tsagwaronta. Smith bai ɓoye cewa giya da ƙwaya sun yi yawa a lokacin ɗaukarsa ba. A rangadin da ya biyo baya, shi da Gallup suka ba hammata iska a wata mashaya a Strasbourg. Aka lallaɓa aka ƙarasa wasannin, daga nan Gallup ya tafi. Kundin ya kai na takwas a Birtaniya, ƙungiyar kuma ta kusa mutuwa.

A wannan zamanin ne kamannin da duniya ta san Smith da su suka zauna: gashi a tsaitsaye ya barbaje ta ko'ina, idanu sun sha kwalli, jan-baki ya zarce leɓe kamar an shafa a guje, ga ƙatuwar baƙar riga. Har yau haka yake fitowa, furfura ce kawai ta ƙaru. Abin dariyar shi ne, mutumin da miliyoyin goth suka kwaikwayi fuskarsa ya shekara arba'in yana cewa ƙungiyarsa ba ta goth ba ce.

Kuma yana da hujja. Bayan faɗan Strasbourg sai ya yi abin da ba wanda ya zata: ya koma waƙoƙin rawa da barkwanci. Let's Go to Bed, The Walk, da The Love Cats wadda ta kai ta bakwai a 1983. Gallup ya dawo, aka yi The Head on the Door a 1985 da Kiss Me, Kiss Me, Kiss Me a 1987, mai ɗauke da Just Like Heaven. Tim Pope ya riƙa yi musu bidiyoyi na ban dariya. A na Close to Me an cusa su gaba ɗaya cikin kabad ɗin kaya, aka hankaɗo shi daga kan dutse zuwa teku. Matasan Amurka, Faransa, Brazil da Ajantina suka rungume su.

Disintegration

Da shekara 30 ta tunkaro, Smith ya tsorata. Ya ƙudurta a ransa cewa manyan mawaƙa kan yi aikinsu mafi girma kafin wannan shekarun, shi kuwa yana ganin bai yi nasa ba. Ya janye daga mutane, ya rubuta waƙoƙi dogaye masu tafiyar hawainiya. Kamfaninsu na Amurka ya ji abin ya firgita, yana ganin an kashe kasuwa. Disintegration ya fito a Mayun 1989, ya zama kundin da ya fi kowane nasu sayuwa. Lovesong, wadda ya rubuta a matsayin kyautar aure ga Mary Poole, yarinyar da ya sani tun suna makaranta ya kuma aura a 1988, ta kai ta biyu a Amurka. Adele ta sake rera ta a kundinta 21.

A daidai wannan lokaci aka sallami Tolhurst, abokin yarinta, wanda shaye-shaye ya hana shi aiki. Ya kai ƙara kotu a kan kuɗi da mallakar sunan ƙungiyar, ya faɗi a 1994. Daga baya ya daina sha, ya nemi gafara, har suka sake hawa dandali tare a 2011. Littafinsa Cured na 2016 ya ba da labarin ba tare da ya wanke kansa ba.

Wish na 1992, mai Friday I'm in Love, shi ne ƙololuwar tashensu. Abin da ya biyo baya ba sai an daɗe a kansa ba. Wild Mood Swings na 1996 ya watse ta ko'ina, Bloodflowers na 2000 yana da kyau amma inuwar Disintegration ta rufe shi, na 2004 da 4:13 Dream na 2008 kuwa ko masoya na gani-kashe-ni ba su cika komawa kansu ba. Matsalar a bayyane take. Mutum ne mai kuɗi, mai zaman lafiya da matarsa, yana neman baƙin cikin da zai rera ya rasa.

Alkawari da cikawa

Daga nan aka shiga zamanin alkawura. An ce 4:13 Dream rabi ne, akwai ɗaya rabin mai duhu yana tafe. A 2014 har suna aka sanar, 4:14 Scream. Bai fito ba. A 2019 suka shiga situdiyon Rockfield da ke Wales, Smith ya ce kundi zai fito a shekarar. Ya sake sa lokaci, ya sake ɗagawa. Alkawarinsa ya zama na tela ana gobe Sallah: kayan suna nan, an yanka, saura ɗinki kaɗan, a dawo da yamma. Haka nan ya sha cewa kundi kaza ne na ƙarshe, tun daga Disintegration.

Ba zaman banza suka yi ba. A dandali ba su da na biyu wajen daɗewa: a birnin Meziko, ranar da Smith ya cika 54 a 2013, sun yi waƙa 50 cikin sama da awa huɗu. A Maris ɗin 2019 suka yi wasa a Afirka ta Kudu. A watan ne kuma aka shigar da su zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame, inda wata 'yar jarida ta tare shi da zumuɗi tana tambaya ko yana cikin ɗoki kamar yadda take, ya dube ta ya ce bisa ga dukkan alamu, a'a. Bidiyon ya zaga duniya.

Abin da ya sauya shi ne mutuwa ta daina zama abin tunani. Cikin 'yan shekaru Smith ya rasa mahaifiyarsa, mahaifinsa, da yayansa Richard, wanda ya girme shi da nisa kuma ya buɗe masa kunne ga kiɗa tun yana ƙarami. Waƙar I Can Never Say Goodbye ta Richard ce. Da ya fara rera ta a rangadin 2022, akwai daren da murya ke sarƙe masa. Endsong kuwa ta samo asali ne daga wani dare da ya tsaya a waje yana kallon sama, ya tuna yana ɗan shekara goma a 1969, tare da mahaifinsa suna kallon wata a lokacin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka je can. Yaron da ya tsaya a wannan farfajiyar, da uban, da duniyar da suka sani, babu ko ɗaya.

Nan bambancin yake. Ɗan shekara 21 da ya yi Faith yana hasashen rashi ne, yana gwada shi a jikinsa ya ga yadda zai yi masa. Dattijon da ya yi Songs of a Lost World ya raka gawa ya dawo. Kalmomin sun ragu, ƙawa ta ragu, ba ya neman ya burge kowa da zurfin baƙin cikinsa. Abin mamaki, muryar ba ta tsufa ba. Ni dai ban ji wani kundi nasu tun 1989 da ya kama ƙafar wannan ba, kuma ban ga yadda zai iya yin sa a 2010 ba ko da ya so.

Kafin kundin ya fito, Smith ya yi wani faɗan da ya ƙara masa farin jini. A rangadin Amurka na 2023 ya ƙi yarda da tsarin da farashin tikiti ke hawa gwargwadon yawan masu nema, ya hana a sayar wa wani tikiti da riba, ya sa mafi araha a dala 20. Sai wasu masu saye suka ga kuɗin hidima da kamfanin Ticketmaster ya ɗora ya zarce kuɗin tikitin kansa. Smith ya hau Twitter, da manyan baƙaƙe kamar yadda ya saba rubutu, ya ce abin ya ba shi takaici kamar kowa. Cikin kwanaki kamfanin ya yarda ya mayar da dala 10 ga masu tikiti mafi araha, dala 5 ga saura. Aka kuma soke tikiti kusan 7,000 da 'yan kasuwar bayan fage suka kwashe. Da duk wannan rangwamen, ba su taɓa yin rangadin da ya kawo musu kuɗi a can kamar wannan ba, abin da ya kunyata mawaƙan da ke cewa ba su da iko a kan farashi.

Abin da ke tafe

A hirarrakinsa na ƙarshen 2024, Smith ya ce waƙoƙin da aka ɗauka a 2019 sun fi ƙarfin kundi ɗaya. Ya kwatanta na biyun da abokin tafiyar Songs of a Lost World: bai kai shi duhu ba, amma a cikinsa ne waƙar da ta fi duka ban tausayi take. Ya ce zai ƙunshi wasu da suka riga suka rera a dandali ba su shiga kundin farko ba. Masu bibiya suna da sunayen da suke zato, irin su It Can Never Be the Same da Step into the Light, da aka fara ji a rangadin 2016, da Another Happy Birthday ta 2023. Na ukun kuwa, a faɗarsa, tarkacen gwaje-gwajen tsakar dare ne a situdiyo, ba kama da sauran. Daga baya shafin ƙungiyar ya bayyana cewa sun koma Rockfield a Maris ɗin 2025 sun ɗauki ƙarin waƙoƙi 13.

A tsakanin nan ba su bar kasuwa fayau ba. Wasan ƙaddamarwa da suka yi a zauren Troxy na Landan, awa uku, wanda aka nuna kai tsaye a YouTube, ya fito a kundi, ya kuma zama fim a Disamban 2025. A Yunin 2025 aka fitar da Mixes of a Lost World, inda wasu makaɗa suka sake sarrafa waƙoƙin, kuɗin ya tafi ga War Child, mai tallafa wa yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita. A watan ne Olivia Rodrigo, wadda aka haifa a 2003, ta kira Smith dandalin Glastonbury suka rera Friday I'm in Love da Just Like Heaven, 'yan matan da iyayensu suka yi samartaka da waƙoƙin suna amsawa. An kuma sanar da jerin wasanni a Turai na bazarar 2026, ciki har da bikin Primavera Sound na Barcelona.

Abin da nake fata daga kundi na gaba shi ne kada ya zama ragowar na baya. An yi zaman makoki, an yi shi da kyau, maimaita shi zai rage masa daraja. The Cure ba ta taɓa zama mai launi ɗaya ba, kuma mutumin da ya fito daga Pornography ya faɗa The Love Cats cikin shekara ɗaya da rabi bai kamata ya rufe littafinsa ba tare da ya sake yin waƙar minti uku mai sa mutum rawa a kicin ba.

Lokaci kuma ba ya gefensu. Gallup ya sanar a Facebook a Agustan 2021 cewa ya bar ƙungiyar, bayan wata biyu ya ce yana nan. Roger O'Donnell, mai kibod, ya yi jinyar sankarar jini daga 2023. Perry Bamonte, wanda ya fara a matsayin mai ɗaukar musu kaya kafin ya zama ɗan ƙungiyar a 1990, ya bar ta daga baya, ya kuma dawo a 2022, ya rasu a Disamban 2025 yana da shekara 65. Smith da kansa ya sa wa'adi: 2029, shekarar da zai cika 70, kundinsu na farko kuma ya cika 50. Ya ce daga nan ya gama. Kundi biyu ne ke nan a cikin 'yan shekarun da suka rage, daga hannun mutumin da ya ɗauki shekara biyar tsakanin shiga Rockfield da miƙa waƙoƙi takwas.